Shekarar da Yajina Ya Koɗe

Da sunan Allah zan fara, yadda Inna ke yi kafin taɓarya ta sauka cikin turmi.

Ku 'ya'yana da jikokina, akwai maganar da ta daɗe tana yawo cikin dangi, wai ni ce na kwashi sirrin Inna na liƙa a jikin roba don in shiga kantin masu hali. Na ji ta a gidan biki, na ji ta a gidan suna, har wurin zaman makoki an taɓa yi mani ita da gefen baki. Ban tanka ba, don lokacin Yaya Hajjo, wadda kuke ce ma Iya, tana raye, kuma ban son abin da zai ja ta cikin magana. Yanzu da ƙasa ta rufe mata ido, Allah Ya jiƙanta, ni ma gwiwa ta fara gardama, gara in faɗa maku yadda aka yi tun bakin na iya faɗa.

Inna, mahaifiyarmu, mai yaji ce a Rafindaɗi. Waɗanda suka riske ta cikinku kaɗan ne, amma tsofaffin unguwar har gobe in aka ambace ta sai sun haɗiyi yawu. Yajinta ja ne wur, irin jan da in aka barbaɗa bisa farar shinkafa sai ka tsaya kallo kafin ka kai baki. Mu biyu gare ta mata, Yaya Hajjo da ni. Ni ta koya mani daka: yadda ake zaɓen barkono, yadda ake shanya citta, lokacin da ake zuba kanumfari don kada ya danne sauran. Yaya kuwa ta ba ta ƙulli. Ƙullin nan wani gari ne da ake zubawa cikin turmi a ƙarshe, bai cika tafin hannu ba, shi ke kawo jan da ƙamshin da ke tsayawa a bayan harshe. Al'adar gidanmu ce tun kakanni, babbar ɗiya kaɗai ake faɗa ma abin da ke cikinshi, ita ma ta faɗa ma babbar ɗiyarta. Hikimar Inna a nan ita ce kada mu rabu. Mai daka ba ta da ƙulli, mai ƙulli ba ta da daka, dole a nemi juna.

Haka kuwa aka yi. An kai Yaya Batagarawa, ni aka aje ni nan cikin gari, amma duk ranar daka sai kun gan ta da jakarta a hammata. Ta zamna, mu gaisa har gaisuwa ta gaji, ta sha fura, ta yi mani faɗan tsintsiyar da ta gani yashe a tsakar gida, sannan ta tashi ta nufi turmi. Ta juya mani baya ta kwance tsumma ta zazzage. Ni kuwa in kau da kai in kama wani aiki. Na yi aure, na haife ku, na aurar, ban taɓa tambayarta ba, kuma bai taɓa damuna ba. Abin da babba ta riƙe, ƙarama ba ta leƙe.

Kun san ni, ƙafata ba ta son ƙofar gida. Duniyata tsakar gidan nan ce, da turmi, da matan da ke shigowa da kwanoni suna kawo mani labarin gari har inda nake. Ɗiyata Maryama ce da ta ida karatunta ta ce yajin nan ya fi ƙarfin ƙullin leda. Ta sawo 'yan robobi masu murfi, ta sa aka buga sitika mai sunan Yajin Inna, ta kai wani babban kanti a GRA. Kafin a ce me, matan ma'aikata sun gane shi. Masu tafiya Kaduna da Abuja suna yin tsaraba da shi, alhazai suna cusa shi cikin kaya don abincin can ba ya masu daɗi. Ranar da aka ce mani an ga robar Inna a Makka, ban iya cin tuwon rana ba don murna.

Sai ga shekarar da nake son ba ku labari. Wata rana da hantsi Maryama ta dawo daga kanti, lokacin tana da ƙaramin ciki na fari, ta ce Alhaji mai kantin ya ce ma'aikatan hukumar abinci sun zo. Duk abin da aka rufe cikin roba ko leda ana sayarwa, dole a rubuta a jikinshi abin da aka haɗa shi da shi, ɗaya bayan ɗaya, in an sa kala ma a faɗi. Wanda bai rubuta ba a sauke shi daga kan kanta. Ta jawo tabarma ta ɗauko biro.

"Umma, lissafo mani."

Na lissafa mata. Barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, daddawa, ƙuli-ƙuli, gishiri. Tana rubutawa tana gyaɗa kai.

"Shi ke nan?"

"Sai ƙulli."

"Mi ke cikin ƙullin?"

"Ban sani ba."

Ta aje biro ta dube ni, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Umma, tun kafin a haife ni kike sayar ma mutane abin da ba ki san ko mi ne ne ba?"

"Na san hannun da ya fito," na ce mata. "Da can wannan ya isa."

Babanku yana zaure yana jin mu. Ya leƙo ya ce, "Ku rubuta waɗannan ku bar shi mana. Abin da bai cika tafin hannu ba cikin turmi guda, wa zai bi sawunshi?" Maryama ma ta ce haka kowa ke yi. Ba mugunta suke nufi ba, sauƙi suke nema mani. Amma ni abin bai kwanta mani ba. Macen da ta shigo gidana da kwano ta san fuskata, in wani abu ya same ta ta san ƙofar da za ta buga. Wadda ta ɗauki roba a GRA ba ta san ni ba, ba ta san Inna ba, takardar nan ce kaɗai bakina a wurinta. In takarda ta ce ga abin da ke ciki alhali akwai saura, to ni ce na dubi matar nan na yi mata ƙarya, kuma da sunan uwata a saman ƙaryar. Ga kuma Asabe maƙwabciyarmu a gabana, wadda in ta ci riɗi leɓenta ke kumbura numfashi ya sarƙe. Na san akwai cimar da ke abinci ga wani, cuta ga wani.

Washegari na yafa mayafi na ce a tsayar mani da mota zuwa Batagarawa. Unguwa ta ɗauka mutuwa aka yi, don ba a saba ganina a titi ba. Na ishe Yaya tana tsince wake. Muka gaisa, ta tambayi Malam babanku, ta tambayi yara da sunayensu, ta tambayi akuyar da na ce ba ta da lafiya, na tambayi nata. Da gaisuwa ta ƙare ta aje faifai.

"To Binta, mi ya fiddo kunkuru daga ɓawonshi?"

Na faɗa mata komi. Tana saurare tana kallon waken. Da na kai ƙarshe na ce, cikin muryar da ban san ina da ita ba, "Yaya, so nake ki faɗa mani abin da ke cikin ƙulli."

Ta ɗago kai ta dube ni.

"Gwamnati ta haife ki ko Inna?"

"Inna."

"To Inna ta kama hannuna ta ce kada ya fita sai ga ɗiyar cikina. Allah bai ba ni mace ba, maza Ya ba ni, na kuwa gode. In na mutu da shi, da amanata na mutu. Ki rubuta naki ki bar nawa, in ci gaba da kawo maki. Takarda ba ta da hanci."

"Takarda ba ta da hanci, Yaya, amma sunan Inna ne a goshinta."

"Ni za ki koya ma darajar sunan Inna?"

"Ban isa ba."

"To zaɓi. Ko ƙulli ko takarda."

Ta sa aka dama mani fura, na sha don kada in ƙara laifi, amma ban ji ɗanɗanonta ba. Ta rako ni har bakin ƙofa. Ku sani, ban ga laifinta ba a ranar, ban kuma gani ba har yau. Amana ta riƙe. Ni ma tawa na riƙe. Sai dai amanar biyu ba su shiga turmi ɗaya ba.

Na dawo na yi daka ba ƙulli. Na tankaɗe na duba. Yajin ya fito kamar ƙasar bakin gulbi, ba ja ba, ba fari ba. Zafin na nan, daɗin na nan daidai gwargwado, amma wannan abin da ke tsayawa a bayan harshe babu shi. Maryama ta kai ma Alhaji mai kanti, ya juya robar a hannu ya aiko ta da shawara. Ya ce akwai jar kala ta abinci da doka ta yarda da ita, a ɗan zuba a rubuta a jiki, ba wanda ya yi laifi. Na ce a gaishe shi, a ce na gode, mutumin kirki ne. Amma jan Inna ba na kwalba ba ne, ba zan ara ma yajina fuskar da ba tashi ba. Sannan na ce ma Maryama a cire sunan Inna daga sitika a sa nawa. Abin da ke cikin robar nan ba yajin Inna ba ne, nawa ne, ni zan ɗauki kunyarshi.

Na kuwa ɗauka. Babbar Sallah ita ce kakar mai yaji, lokacin da kowane gida ke soya nama, da can sai na ɗauko mata suna taya ni daka tun kafin watan ya kama. A shekarar nan robobina suka yi ta zama a kanta har ƙura ta hau murfin. Matan da suka saba shigowa da kwanoni, wasu suka zo suka leƙa suka ce za su dawo. Tsakar gidan nan da ba ta rabo da hayaniya ta yi tsit, har ina jin kukan kurciya da rana tsaka. Babanku bai taɓa ce mani ai na faɗa maki ba, wannan na yaba mashi. Iyakarshi in ya barbaɗa a tuwo ya ce, "Ai ido ne bai ƙoshi ba, baki ya ƙoshi." Yaya ta daina zuwa. Naman layyarta ya iso ta hannun ɗanta, cinya guda mai kyau kamar kullum, amma ba saƙon tsiyar da ta saba haɗowa da shi. Wannan shirun ya fi mani robobin ciwo.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne maganar da ta biyo baya. Mutane suka haɗa biyu da biyu a kansu. Hukuma ta ce a faɗi kala, sai yaji ya koɗe, sai aka cire suna. Ashe dai jan nan na gidan su Binta kala ce tun asali. Maganar ta fara daga bakin famfo ta shiga kasuwa, ta dawo mani ta bakin Asabe tana ba ni tana hawaye. Ba ni da abin kare uwata da shi. In na ce ba kala ba ce, a ce to mi ne ne, in ce ban sani ba. Sai na kama bakina, na ci gaba da daka koɗaɗɗen yajina, da takardarshi mai gaskiya a jiki.

Ana nan Maryama ta dawo gida haihuwa, Allah Ya sauke ta lafiya, aka samu Hajara ƙarama, takwarar Yaya. Duk fushin Yaya bai kai ta ƙi zuwa barkar Maryama ba, don tun tana jaririya 'yar ɗakinta ce. Ta iso da azahar da jakarta a hammata. Muka gaisa gaisuwar mutanen da suka haɗu a asibiti. Ta shige ɗakin mai jego ta amshi jaririya. Ɗakin cike da mata, ga kunun kanwa, ga farfesun ƙauri an kawo ma Maryama, ga robar yajina a gefe. Cikin 'yan barka akwai wata Hajiya daga dangin mijin Maryama, mai yawan magana, ba ta san Yaya ba. Ta ɗauki robar ta ɗaga ta wajen haske.

"Ai gara wannan," in ji ta. "Ko ba komi yanzu an san abin da ake ci. Na da kam an ce tsohuwar nan kala take zubawa, shi ya sa da aka matsa ya tsere."

Mata suka dubi Yaya. Maryama ta sunkuyar da kai. Ni ina bakin ƙofa da kwano a hannu, na kasa gaba na kasa baya.

Yaya ta miƙa ma Maryama jaririya a hankali, ta gyara mata zane.

"Hajiya, wace tsohuwa?"

"Mai yajin ta asali. An ce ta daɗe da rasuwa."

"Ta daɗe. Ni na yi mata wanka." Ta juyo wurina. "Binta, kawo mani ruwa cikin farin kwano."

Na kawo. Ta buɗe jaka ta fiddo tsumman da na sani tun ina budurwa. Ta zo da shi ne don yajin jegon Maryama, ba don ni ba. Na fara kau da kai yadda na saba, sai ta ce, "Dubo nan." Ta kwance shi a gaban matan nan duka, ta ɗebi kaɗan ta barbaɗa cikin ruwan. Garin ya yi yawo bisa ruwa, ya fara nutsewa a hankali, ɗan maiƙo ya taso. Ta miƙa ma Hajiyar kwanon har ƙarƙashin hanci.

"Kin taɓa rina ƙanƙarar yara, ko? In kala ce, da tuni ruwan nan ya zama jini. Shinshina."

Hajiyar ta shinshina, ta ce, "Wallahi ƙamshin miya yake."

"Miya ce. Maryama, ina biron naki?"

"Iya, jego nake."

"Da hannu kika haihu? Rubuta."

Mata suka kwashe da dariya, aka miƙo biro da bayan kwalin sabulu. Yaya ta zamna daram kamar mai ba da shaida gaban alƙali, ta faɗa da ƙarfi yadda na tsakar gida ma za su ji. Kauɗar tumatir ta fadamar Ajiwa, wadda ta nuna a jikin uwarta. Busasshen tattasai. Gyaɗar miya. Riɗi.

Abin da na yi rayuwata ina kau da kai daga gare shi ke nan. Da na ji riɗi sai na dubi Asabe, ita ma ta dube ni. Shekara da shekaru tana cewa yajinmu na yi mata ƙaiƙayin maƙogwaro muna yi mata dariyar raguwa. Ta ɗaga hannu ta ce, "To a maido mani da mutuncina," aka sake fashewa.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "A buga shi da manyan baƙaƙe, a ƙara da cewa babu kala. A maida sunan Inna inda aka cire shi." Sannan ta dubi Maryama. "Su mutanen naku, cewa suka yi a faɗi abin da ke ciki. Sun ce a faɗi yadda ake suyarshi?"

"Ba su ce ba, Iya."

"To madalla. Gwamnati ta san iyakarta."

Ranar da Maryama ta yi arba'in Yaya ta dawo da kayanta ɗanye, ta ja ta suka shiga madafi, ta ce in riƙe jaririya in koma zaure. A cikin gidana, da itacena. Na ji ƙamshi na tasowa, na ji Yaya na faɗa, "Ba haka ba, sauke, kin ƙona," na ji sun sake. Da suka fito idon Maryama ya yi ja da hayaƙi, Yaya ta ce, "Inna ta ce ɗiyar cikina. Wannan a bayana ta girma, baya da ciki duk jikina ne. In da laifi, ni da Inna za mu sasanta."

Ba zan ce maku komi ya dawo yadda yake ba. Wasu masu sayen sun tafi ke nan, sun saba da wani hannu. Da sabuwar sitika ta fita, ba a jima ba robobi masu kama da tamu suka cika kasuwa, an kwafe kayan haɗin tsaf har da jerinsu. Yaya takan sa a sawo mata ɗaya ta lasa, ta yamutsa fuska ta ce, "Sun karanta, ba su ji ba." Kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce mani na yi daidai ba. Abin da ya fi kusa da haka shi ne ranar da na je duba ta a ciwonta na ƙarshe, ta kama hannuna ta ce, "Ni aka ba ƙulli, ke aka ba taurin kan. Ban san wadda Inna ta fi so ba."

To kun ji. Ban sayar da sirrin Inna ba, ban kuma ƙwace shi ba. Na ƙi yin ƙarya da sunanta, na biya da Sallah guda da shirun 'yar'uwata, ita kuma Yaya ta buɗe hannunta da kanta, da rana tsaka, gaban shaidu, don ta wanke uwarmu. Duk wanda ya ɗauki robar nan yau, ko a GRA ko a Makka, ya san abin da zai kai bakinshi, kuma duk abin da aka rubuta ni zan iya dafa shi in rantse.

Yadda ake suyar kuwa, kada ku tambaye ni, har yau ban sani ba. Ranar daka Maryama kan shigo da jaka a hammata, ta gaishe ni, ta sha fura, ta nufi turmi ta juya mani baya. Ni da na haife ta, sai in kau da kai in kama tsintsiya.